BAYANI: Kwasa-kwasan kimiyyar da ɗalibi zai zaɓa kafin ya nemi gurbin karatun likitanci a Amurka

A Najeriya, ɗalibin da ke son zama likita yana yanke shawara tun yana sakandare. Ya rubuta Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks a jarrabawar JAMB, ya kawo kiredit biyar na WAEC ko NECO, idan ya yi sa'a jami'a irin Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano ta ɗauke shi karatun MBBS na shekara shida. A Amurka babu wannan hanya sai a wasu 'yan tsirarun shirye-shirye na musamman. A can, likitanci karatu ne na gaba da digirin farko. Sai mutum ya yi shekara huɗu a jami'a, sannan ya nemi makarantar likitanci ya yi wasu shekaru huɗun, kafin a zo batun horon ƙwarewa a asibiti.

Abin da ke rikita baƙo, har ma da 'yan ƙasar da iyayensu ba su yi jami'a ba, shi ne a galibin jami'o'in babu wani digiri mai suna share fagen likitanci. Ɗalibi na iya karanta tarihi ko waƙa ko injiniyanci. Sai dai a cikin waɗannan shekaru huɗu dole ya tsinto wasu kwasa-kwasan kimiyya da kansa, ya jera su yadda ya kamata, ya ci su da maki mai kyau. Wanda ya yi kuskure a zaɓin yakan gane ne bayan ya kammala, lokacin da gyara ke nufin ƙarin shekara ɗaya ko biyu da dubban daloli.

Inda tsarin ya samo asali

A ƙarni na 19 yawancin makarantun likitanci na Amurka kasuwanci ne na wasu likitoci. Wanda ya iya biyan kuɗi yana shiga, ko da bai gama sakandare ba. Jami'ar Johns Hopkins ce ta fita daban: da ta buɗe makarantarta ta likitanci a 1893, ta shardanta digirin farko, da ilimin bayoloji da kemistiri da fiziks, da iya karanta Jamusanci da Faransanci.

A 1910 Gidauniyar Carnegie ta wallafa rahoton Abraham Flexner, wani malamin makaranta da ba likita ba, wanda ya zagaya makarantun likitanci 155 na Amurka da Kanada. Ya ɗauki Johns Hopkins a matsayin ma'auni, ya ba da shawarar kada a ɗauki ɗalibin da bai yi aƙalla shekara biyu ta kimiyya a jami'a ba, a kuma rufe mafi yawan makarantun. Cikin shekaru ashirin kusan rabinsu sun rufe ko sun haɗe da wasu. Ingancin karatun ya ƙaru, wannan babu jayayya. Amma cikin makarantun likitanci bakwai na baƙar fata da ake da su a lokacin, biyu kaɗai suka tsira, wato Howard da Meharry, a zamanin da akasarin sauran makarantun ba sa ɗaukar baƙar fata. A 2020 Ƙungiyar Kwalejojin Likitanci ta Amurka, AAMC, ta cire sunan Flexner daga lambar yabonta saboda ra'ayoyin wariyar launi da ke cikin rubuce-rubucensa. Jerin kwasa-kwasan da ya kafa kuwa yana nan kusan yadda yake, fiye da shekara ɗari bayan haka.

Ginshiƙan da kusan kowace makaranta ke nema

Kowace makaranta tana da nata sharuɗɗa, amma akwai abin da suka yi tarayya a kai: shekara ɗaya ta bayoloji, shekara ɗaya ta kemistiri na gama-gari, shekara ɗaya ta kemistirin oganik, wato na sinadarai masu ɗauke da kabon, da shekara ɗaya ta fiziks. Kowannensu sai an haɗa shi da aikin ɗakin gwaje-gwaje. A lissafin jami'o'in Amurka, shekara ɗaya tana nufin zango biyu, kimanin kiredit takwas, daga cikin kimanin 120 da ake bukata don digirin farko. Makarantu da yawa suna ƙara shekara ɗaya ta Turanci ko wani kwas mai yawan rubutu, da zango ɗaya ko biyu na lissafi.

Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne matsayin bayokemistiri. Da shawara ce, yanzu makarantu masu yawa sun mayar da shi wajibi, wasu ma sun yarda ya maye gurbin zango na biyu na oganik. A fannin lissafi kuma ƙididdiga ta fara ture kalkulas, kuma da hujja: likita zai shafe rayuwarsa yana karanta sakamakon gwajin magunguna, da wuya ya sake haɗuwa da kalkulas bayan jami'a. Ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zamantakewa ba kowace makaranta ke wajabta su ba, amma barinsu ganganci ne, saboda dalilin da zai zo a batun jarrabawa.

Wasu jihohi suna da nasu tsari. Makarantun gwamnati na Teksas suna karɓar takardun nema ta wata kafa tasu mai suna TMDSAS, suna neman kiredit 14 na bayoloji, kusan ninki biyu na abin da aka saba, kuma dokar jihar ta taƙaita gurbin waɗanda ba mazauna jihar ba zuwa kashi 10 cikin ɗari. Saboda irin wannan bambanci, ɗalibin da ya san abin da yake yi yakan fitar da sunayen makarantun da yake hari tun a shekarar farko, ya duba sharuɗɗansu a kundin MSAR da AAMC ke sabuntawa kowace shekara, ya tsara karatunsa bisa mafi tsaurinsu.

Tarkon farko yana cikin sunan kwas. Jami'o'i kan koyar da kemistiri ko bayoloji iri biyu: na ɗaliban kimiyya, da wani mai sauƙi na waɗanda ba fanninsu ba ne ko na masu karatun jinya. Sunayen sukan yi kama, amma makarantun likitanci na farkon suke nufi. A fiziks kuwa lamarin ya sha bamban. Akwai wanda aka gina kan aljebra da wanda aka gina kan kalkulas, kuma yawancin makarantu suna karɓar na aljebra. Ɗalibin da ba injiniyanci yake karantawa ba, ya ɗauki na kalkulas don burge masu tantancewa, ya fito da maki C, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Jeri ya fi yawa muhimmanci

Kemistiri sarƙa ce. Ba a shiga oganik sai an gama na gama-gari, ba a shiga bayokemistiri sai an yi aƙalla zango ɗaya na oganik. Zango biyu, da biyu, da ɗaya: zango biyar ke nan a jere, shekara biyu da rabi. Daga nan ne duk lissafin lokaci ke tashi.

Wanda ke son wucewa makarantar likitanci kai tsaye bayan digiri dole ya miƙa takardunsa a ƙarshen shekararsa ta uku, domin zagayen ɗaukar ɗalibai yana cin fiye da shekara guda. Kafar AMCAS, wadda akasarin makarantun MD ke amfani da ita, tana buɗewa a watan Mayu, ana fara miƙa takardu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma makarantu da yawa suna cike gurbi ne a hankali yadda takardu ke isowa, don haka wanda ya makara yakan tarar kujeru sun ragu. Wannan na nufin ya rubuta jarrabawar MCAT kafin lokacin, ya kuma gama bayokemistiri kafin jarrabawar. In aka bi lissafin da baya, za a ga dole ya fara kemistiri a zangonsa na farko a jami'a. Wanda ya jinkirta shi zuwa shekara ta biyu ya riga ya zaɓi hutun shekara ɗaya tsakanin digiri da likitanci, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan hutu ba aibi ba ne. Fiye da rabin waɗanda ke shiga makarantun likitanci yanzu sun yi shi, kuma matsakaicin shekarun sabon ɗalibi ya kai kimanin 24. Matsalar tana ga wanda ba shi da abin da zai ci a wannan shekara, ko ɗalibin ƙasar waje da bizarsa ke da wa'adi.

Kuskuren da ya fi yawa a ɗaya ɓangaren shi ne cusa komai lokaci guda: oganik da fiziks da bayoloji, kowanne da ɗakin gwajinsa, a zango ɗaya. Aikin ɗakin gwaji kan ci awa uku zuwa huɗu a mako, ban da rubuta rahoto, alhali kiredit ɗaya ko biyu kawai yake bayarwa. Masu ba ɗalibai shawara sukan ce kada a wuce kwas biyu masu ɗakin gwaji a zango, musamman a shekarar farko.

Yadda ake ƙirga maki

AMCAS ba ta ɗaukar matsakaicin makin da jami'a ta rubuta. Tana sake lissafa shi da kanta bisa ma'aunin 4.0, ta kuma ware makin kimiyya daban, wanda ya ƙunshi bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi. Ana rarraba kwas ne bisa abin da ya ƙunsa, ba bisa sashen da ya koyar da shi ba. Ilimin taurari yana shiga ƙarƙashin fiziks, ƙididdiga tana shiga lissafi, amma injiniyanci da kimiyyar kwamfuta da ilimin halayyar ɗan Adam ba sa cikin makin kimiyya.

Babu abin da ke gogewa. Ɗalibin da ya faɗi oganik ya maimaita ya ci A, jami'arsa na iya share faɗuwar daga lissafinta, amma AMCAS tana ƙirga duka biyun. Makarantun da ke ba da digirin DO, waɗanda ke da tasu kafa AACOMAS, sun daɗe suna yafe makin farko, sai suka daina a 2017. Har kwas ɗin jami'a da yaro ya ɗauka yana sakandare yana biyo shi. Galibin makarantu suna son aƙalla C a kowane kwas na sharaɗi, sai dai C ɗin cika sharaɗi kawai yake yi: matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka yana wajen 3.7 zuwa 3.8. Masu neman gurbi sun haura dubu hamsin a shekara, waɗanda ke samu ba su kai rabinsu ba.

A nan ne zaɓin fannin digiri ke da tasiri. Sama da rabin masu nema sun karanta wani reshe na bayoloji, saboda kwasa-kwasan sharaɗi suna cikin manhajarsu dama. Amma makarantun sun sha nanata cewa ba su fifita wani fanni, kuma alƙaluman AAMC na nuna cewa waɗanda suka karanta adabi ko falsafa ko lissafi ba sa baya wajen samun gurbi. Abin lura shi ne wanda ya karanta tarihi kwasa-kwasan kimiyyarsa kaɗan ne, don haka maki ɗaya marar kyau yana ja masa matsakaici ƙasa sosai. Irin wannan ɗalibi yana amfana da ƙara kwas ɗaya ko biyu na sama, kamar ilimin gado ko ilimin aikin gaɓoɓin jiki ko na ƙwayoyin halitta.

Jarrabawar MCAT

An sake fasalin MCAT a watan Afrilun 2015. Sashe huɗu gare ta: kemistiri da fiziks na jikin mai rai, nazarin rubutu da auna hujja, bayoloji da bayokemistiri, sai halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Tambayoyi 230 ne, zaman yana kai kusan awa bakwai da rabi. Kowane sashe ana ba shi maki 118 zuwa 132, jimilla 472 zuwa 528, tsakiya 500. Matsakaicin waɗanda ke shiga makarantun MD yana wajen 511 zuwa 512.

Kashi ɗaya cikin huɗu na makin yana fitowa ne daga halayyar ɗan Adam da zamantakewa, bayokemistiri kuma ya ratsa sashe biyu. Ke nan ko makaranta ba ta rubuta su a sharuɗɗanta ba, jarrabawar ta wajabta su. Ana iya zamanta sau uku a shekara, sau huɗu cikin shekara biyu a jere, sau bakwai a tsawon rai, kuma makarantu suna ganin duk sakamakon. Yawancinsu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu ko uku.

Kwasa-kwasan da ake yi wa kallon shakka

Akwai hanyoyin samun kiredit masu arha waɗanda ba kowace makaranta ke yarda da su ba. Kiredit ɗin AP da ake samu tun sakandare wasu na karɓa, wasu na cewa sai an ɗora kwas na sama a fannin. Kwasa-kwasan intanet sun samu karɓuwa a 2020 lokacin annobar korona, haka ma makin ci-ko-faɗi na wancan zango, amma makarantu da dama sun koma son aikin ɗakin gwaji na ido da ido.

Batun kwalejojin al'umma na shekara biyu ya fi ɗaukar hankali, domin nan ne 'ya'yan talakawa da baƙin haure da masu aiki suna karatu suka fi farawa. Makarantu da yawa suna karɓar kiredit ɗinsu, wasu kuma suna faɗa a fili cewa sun fi son a yi kwasa-kwasan sharaɗi a jami'a mai shekara huɗu. Wanda ya fara a kwalejin al'umma ya koma jami'a ya ci kwasa-kwasan sama da kyau, ba ya da abin tsoro. Wanda ake zargi shi ne ɗalibin babbar jami'a da ya tsallake oganik ɗin jami'arsa ya je ya yi shi a kwaleji lokacin hutu.

Ga wanda ya gama digiri ba tare da kimiyya ba, akwai shirye-shiryen cike giɓi na shekara ɗaya zuwa biyu. Na Jami'ar Columbia, wanda aka kafa a 1955, shi ne mafi daɗewa. Suna da tsada, kuma tallafin karatu a cikinsu kaɗan ne.

Takaddama kan oganik

Babu kwas ɗin da ya kori masu burin likitanci kamar oganik, har ana yi masa laƙabi da matankaɗi. A 2022 Jami'ar New York ta ƙi sabunta kwantiragin Farfesa Maitland Jones, wanda ya shafe shekaru da dama yana koyarwa a Princeton kuma ya rubuta littafi a fannin, bayan ɗalibai 82 cikin 350 sun sa hannu kan takardar koke cewa kwas ɗinsa ya yi tsauri. Wasu suka ce jami'a ta mayar da ɗalibi abokin ciniki, wasu suka ce kwas ɗin da aikinsa kora ne ba koyarwa ba ya daɗe da cancantar a tuhume shi.

Tambayar ta girmi wannan rikici. A 2009 AAMC da Cibiyar Howard Hughes sun fitar da rahoton da ya ba da shawarar a auna abin da ɗalibi ya iya maimakon ƙirga kwasa-kwasan da ya zauna, kuma wasu makarantu sun bi, sun mayar da sharuɗɗansu shawarwari. Makarantar Mount Sinai ta New York ta riga su: tun 1987 take ɗaukar wasu ɗaliban adabi da zamantakewa ba tare da MCAT ko cikakken oganik ba, a 2013 kuma ta faɗaɗa shirin da sunan FlexMed. Sai dai ɗalibi ba makaranta ɗaya yake nema ba, yakan nemi goma sha biyar ko fiye, don haka sassaucin 'yan kaɗan bai sauke masa nauyin tsohon jerin ba.

Muhawarar ta siyasa ce kuma. Baƙar fata sun kai kimanin kashi 13 cikin ɗari na al'ummar Amurka, amma kashi 5 zuwa 6 ne kawai na likitocinta. Ɗalibin da ya fito daga sakandaren da ba ta da ɗakin gwaji mai kyau yana haɗuwa da kemistiri a zangonsa na farko tare da waɗanda suka riga suka karanta shi, kuma makin da ya samu yana ɗan shekara 18 zai bi shi har ranar tantancewa. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, nauyin da ke kan waɗannan makin na farko ya ƙaru.

Ɗalibin da ya fito daga Najeriya ko Nijar

Digirin bayokemistiri ko na ilimin ƙananan halittu daga jami'ar Najeriya, komai kyawunsa, ba ya cika sharuɗɗan a mafi yawan makarantun. AMCAS ba ta tantance takardun sakamakon jami'o'in waje, kuma makarantu sukan nemi a yi kwasa-kwasan sharaɗi, ko aƙalla shekara ɗaya zuwa uku ta karatu, a jami'ar Amurka ko Kanada da aka amince da ita. Ƙasa da rabin makarantun MD ne ke duba takardun wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da izinin zama na dindindin, waɗanda ke ɗauka ma 'yan kaɗan suke ɗauka. Irin wannan ɗalibi ba ya samun bashin karatu na gwamnatin tarayya, wanda 'yan ƙasa ke dogara da shi har su kammala da bashin kusan dala dubu 200, kuma wasu makarantu kan nemi ya ajiye kuɗin shekara ɗaya ko na shekaru huɗun gaba ɗaya kafin ya fara.

Shi ya sa yawancin likitocin Najeriya da ke aiki a Amurka ba ta wannan ƙofa suka shiga ba. Sun yi MBBS a gida, suka nemi shaidar hukumar ECFMG, suka ci jarrabawar USMLE, sannan suka nemi gurbin horon ƙwarewa. Wanda kuma ya yi MD a Amurka yana son dawowa gida ya yi aiki, sai ya bi ta Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, wadda ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje jarrabawar tantancewa kafin ta ba su lasisi.